Yaron da Ya Ƙi Kwanciya

Na yi shekara 32 ina aikin jinya a ƙananan asibitocin karkara a ƙasar Nijar, yawancinsu tsakanin Maradi da Tawa. A cikin shekarun nan hannuna ya saba da tsari guda. In an kawo mara lafiya, a kwantar da shi, a taɓa goshi, a latsa ciki, a buɗe baki a duba. Haka aka koya mana, haka kuma mutane suke so. Uwar da ta yi tafiyar rabin yini da ɗa a goye, in ba ta ga an taɓa shi an yi masa allura ba, takan koma gida tana cewa likita bai duba ba. Amma akwai wata cuta guda wadda take bukatar ma'aikacin lafiya ya naɗe hannu, ya tsaya nesa kaɗan, ya yi aiki da ido da kunne kawai. A kanta nake so in yi magana, gama tana iya ɗauke yaro mai ƙoshin lafiya tsakanin hantsi da almuru. In kuwa an gane ta da wuri, yaron nan zai koma wasa kafin mako ya zagayo.

Bari mu fara da wurin da abin yake faruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci sa'ad da yake feɗe akuya ya ga hanya biyu a wuyanta. Ta gaba, mai zobe-zoben guringuntsi, ita ce maƙogwaro, ta nan iska take bi zuwa huhu. Ta baya, mai taushi, ita ce hanyar abinci. Haka yake ga mutum. Tun da hanyoyin nan biyu bakinsu ɗaya ne, dole a sami mai tsaron ƙofa. Can ƙarƙashin tushen harshe akwai wani ɗan guringuntsi mai fasalin ganye. Sa'ad da muke numfashi yana tsaye, hanya a buɗe. Sa'ad da muka haɗiyi abu sai ya sunkuya ya rufe bakin maƙogwaro, loma ta wuce ta kansa. Ran da ya makara, ruwa ya bi hanyar iska, shi ne mukan ce mutum ya ƙware. Likitoci suna kiransa efigulotis. Ni dai murfin maƙogwaro nake ce masa in ina yi wa iyaye bayani, suna kuwa ganewa nan da nan.

Kada a haɗa shi da beli, wanda waɗansu suke ce wa belu ko hakin wuya. Beli shi ne ɗan naman nan da yake reto a ƙarshen ganɗa, kowa yana ganin nasa a madubi. Murfin maƙogwaro yana can ƙasa da shi, a ɓoye, ba a cika ganinsa ba ko an wangale baki. Wannan bambanci yana da nauyi a ƙasarmu, zan kuwa komo kansa.

Cutar ita ce kumburin wannan murfi. Ƙwayar cuta takan sauka a kansa, cikin 'yan sa'o'i ganyen nan siriri ya kumbura ya yi ja wur kamar ƙaramin tumatir, mai tsaron ƙofa ya zama abin da ya toshe ƙofar. Akwai wani lissafi da aka koya mana a makaranta wanda ban taɓa mantawa ba. Hanyar iskar jariri faɗinta wajen milimita 4 ne. In naman da yake kewaye da ita ya kumbura da milimita 1 kawai, faɗin ya koma 2, kashi 75 cikin 100 na hanyar ya tafi ke nan. Ga babban mutum mai hanyar milimita 8, kumburi irin wannan ba ya cin ko rabi. Yaro ɗan shekara 3 ko 4 ya fi kusa da jariri a wannan lissafi. Ƙari kuma, in yaro ya yi kuka yana fizgar iska da ƙarfi, naman da ya kumbura yakan ƙara shigewa cikin hanyar. Shi ya sa duk abin da zai sa shi kuka hatsari ne.

Ƙwayar da ta fi haddasa wannan ga yara sunanta Haemophilus influenzae nau'in b, a taƙaice Hib. Wani Bajamushe, Richard Pfeiffer, ya gano ta a 1892 a jikin masu mura mai tsanani, ya zaci ita ce take kawo murar. Sunan ya bi ta har yau, ko da yake a 1933 an tabbatar wata ƙwaya dabam ce take kawo wannan mura. A 1931 wata Ba'amurkiya, Margaret Pittman, ta nuna ƙwayar tana da nau'i 6, nau'in b kuwa shi ne yake yi wa yara mummunar ɓarna. A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, Hib takan kama yara tun suna jarirai, yawanci kafin su cika shekara, ta zo musu da sanƙarau ko ciwon huhu. Kumburin murfin maƙogwaro ya fi samun 'yan shekara 2 zuwa 6, saboda haka bai yawaita a nan kamar yadda ya yawaita a Turai da Amurka kafin rigakafi ba. A dukan aikina waɗanda na gani ba su kai goma ba. Ƙarancin nan shi ne tarkon. Wanda yake ganin masu zazzaɓin cizon sauro 50 a yini, da mura da tari ba iyaka, idonsa yakan saba, ran da baƙuwar cuta ta shigo cikin layi sai ya ba ta sunan wadda ya sani.

To, yaya ake gane ta? Da fari a tambayi uwa yaushe abin ya soma. Amsar takan zama, "Jiya lafiya lau ya kwana," ko kuwa, "Da safe ma ya sha kunu." Zazzaɓi mai zafi ya hau farat ɗaya, yaro ya ce wuyansa yana ciwo, ya ƙi tuwo, ya ƙi ruwa. Daga nan sai a dubi zamansa. Yaro mai zazzaɓi kwanciya yake so, ya lafe a jikin uwa ko a tabarma. Wannan kuwa ya ƙi kwanciya. Yana zaune, ya karkato gaba, ya dafa hannuwa a gwiwa, ya miƙa wuya, ya ɗaga haɓa, baki a buɗe, wani lokaci harshe a waje. Ba wanda ya koya masa. Jikinsa ne ya gano cewa a wannan zama kaɗai murfin da ya kumbura yake ɗagawa daga bakin hanya. In uwa ta yi ƙoƙarin kwantar da shi, sai ya yi ta kokawa har ya tashi.

Alama ta biyu ita ce yawu. Yaron da ya daɗe da barin dalala, sai ga yawu yana zuba daga bakinsa, gaban riga ya jiƙe sharkaf, domin haɗiya ta zama azaba. Ta uku murya. Ba ta dushe kamar ta mai mura ba, toshewa ta yi, kamar wanda yake magana da lomar tuwo a baki. Yawanci ma ba ya son magana sam. Ta huɗu numfashi. Yana jan iska a hankali, da lura, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. In aka kasa kunne za a ji wani sauti ƙasa-ƙasa sa'ad da yake ja, wani lokaci da gurguri kamar minshari sa'ad da yake fitarwa. Gurbin wuya da tsakanin haƙarƙari suna lotsawa. Bayan waɗannan akwai abu biyu da ba a ji, wato tari da kuka. Idanunsa a buɗe, cike da tsoro, suna bin kowa, amma ya yi tsit. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar yaron nan, wanda ya gan ta sau ɗaya ba ya mantawa.

Akwai cututtukan da suke kama da ita, ya kamata a rarrabe. Wadda ta fi yawa ita ce wadda likitoci suke kira kurup, mai kama 'yan wata 6 zuwa shekara 3. Takan fara da mura kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan tari mai kama da haushin kare ya taso da dare, murya ta dushe. Yaron yana kuka, yana shan nono, yana yarda a kwantar da shi. Ƙararsa ta fi yawa amma hatsarinsa bai kai ba, sai dai irin wanda yake biyo bayan ƙyanda, shi yakan yi tsanani. Sai mashaƙo, wadda take tafiya a hankali cikin kwanaki, zazzaɓinta ba mai zafi sosai ba, wuya ya kumbura daga waje, wata fata toka-toka ta manne a maƙoshi. Sai yaron da gyaɗa ko ƙwallon wani abu ya faɗa masa a maƙogwaro. Shi ba zazzaɓi, yana cikin wasa ya ƙware ya hau tari. Akwai kuma ƙurji mai mugunya a bayan maƙoshi, wanda shi ma yakan kawo dalalar yawu da sanƙarewar wuya. In an rasa tabbas tsakanin waɗannan, a ɗauka mafi munin ce, a bi da yaron da irin kulawarta. Babu asara a cikin wannan.

Ga abin da ba a yi. Ba a kwantar da shi. Ba a raba shi da uwarsa. Ba a sa katakon danne harshe ko cokali ko yatsa a bakinsa, gama taɓawa ɗaya takan sa maƙogwaro ya damƙe, ɗan abin da ya rage na hanyar ya rufe gaba ɗaya. Ba a ɗura masa magani ko ruwa. Ba a fara da allura ko ɗibar jini ko neman jijiya. Ba a tura shi ɗakin hoto shi da uwa su kaɗai. Gaskiya ne hoton wuya daga gefe yakan nuna murfin ya kumbura kamar babban yatsa, amma yaron da alamunsa suka bayyana ba ya bukatar hoto, lokacin da za a ɓata kuma na ransa ne. Abin da ake yi kaɗan ne. A bar shi zaune a cinyar uwa. In akwai iskar oksijin, a ba uwa bututun ta riƙe kusa da fuskarsa, ba tare da an ɗaura masa kome ba. A rage mutane da surutu a ɗakin. A kai shi inda akwai mai sa barci da likitan fiɗa, ma'aikacin lafiya kuma ya raka shi. In yaron da yake ta fama ya fara gyangyaɗi, sautin ya ragu, leɓe ya yi duhu, kada wani ya ce sauƙi ya samu. Gajiya ce, ƙarshe kuma ya kusato. In numfashi ya tsaya, a nan ne kaɗai ake kwantar da shi, a hura masa iska da jakar robar nan ta taimakon numfashi, gama sau da yawa iskar da aka tura da ƙarfi takan ratsa ta gefen kumburin.

Wata ranar kasuwa cikin hunturun 1996, wajen azahar, aka shigo mini da wata yarinya 'yar shekara 4. Uwarta tana rungume da ita a zaune, kakarta ta wajen uba tana biye. Abin da ya ba ni mamaki, tare da su akwai wanzamin garinsu, dattijo, da zabirarsa a rataye. Tun daga bakin ƙofa na ga haɓa a ɗage, riga a jiƙe, idanu suna bina. Na nuna wa uwar benci, na tsaya inda nake.

Bayan gaisuwa dattijon ya ce, "Likita, sun kawo mini ita in cire beli. Na dube ta, na ce wannan ba tawa ba ce."

Na ce, "Baba, me ka gani?"

Ya ce, "Yawu yana zuba, ga ta zaune ba ta kuka. Tun ina riƙe wa mahaifina ƙaho ya gargaɗe ni, ya ce yaron da ya ga aska bai yi kuka ba, kada ka sa masa ƙarfe a baki."

Kakar ba ta ji daɗin tsayuwata ba. Ta ce, "Ɗan nan, amalanke muka biya tun daga gida. Ka buɗe bakinta ka gani mana. Ko allura ba za ka yi mata ba, ka tsaya kana kallonta kamar baƙo?"

Na ce, "Inna, abin da yake damunta yana can ƙasa, a ƙofar numfashi. Ƙofar ta kusa rufewa. In na sa kome a bakin nan, ko na soka mata allura ta yi kuka, ni ne zan ƙarasa rufe ta. Maganin yana birni, yanzu kuwa za mu tashi."

Wanzamin ya ce, "Hajiya, ki ji maganar likita." Ta dube shi, ta dube ni, ta yi shiru.

Ba mu da motar asibiti a lokacin. Uban yarinyar kuma yana ci-rani a kudu. Wani ɗan kasuwa da ya sauke buhunan gero ya yarda ya kai mu a kan jika 15, kakar ta kwance bakin zane ta ba da abin da yake ciki, ta ce akuyarta ce jinginar sauran. Uwa ta zauna a gaba da yarinyar a cinya, ni a gefe da jakar hura iska a hannu. Na roƙi direba ya bi gargada a hankali, muka ja gilashi saboda ƙura. Kilomita 60 ne, muka yi kusan awa biyu. Da muka wuce rabin hanya kan yarinyar ya fara langaɓewa, uwar ta so ta kwantar da ita a ƙirji kamar yadda kowace uwa za ta yi. Na ce, "Riƙe ta a zaune, ki tallafi haɓarta, ki yi ta kiran sunanta a kunne." Haka ta yi har muka shiga gari. Ban taɓa ƙirga numfashin mutum da tsoro irin na ran nan ba.

A babban asibiti likitan ya dube ta daga ƙofa kamar yadda na yi, ya aika a kira mai sa barci. Aka shiga da ita ɗakin fiɗa tana cinyar uwarta, aka shaƙa mata iskar barci tana zaune, sai da ta yi laushi sa'an nan aka kwantar da ita aka fitar da uwar. Likitan fiɗa yana tsaye da wuƙa a shirye, domin in bututu ya ƙi shiga ta baki ya huda maƙogwaro daga waje. Daga baya mai sa barcin ya gaya mini kumburin ya rufe kome har bai ga ƙofar ba. Sai da ya sa aka latsa ƙirjinta, ɗan kumfan iska ya ɓullo daga cikin naman, ya bi wurin da bututu ƙarami, ƙasa da wanda ya dace da shekarunta. Sa'an nan aka nemi jijiya, aka ɗibi jini, aka fara kuloramfenikol, wanda shi ne maganin da muke da shi a zamanin. Yau seftiriyakzon ake bayarwa. A rana ta uku aka zare bututun, da maraice ta ce fura take so. Bayan mako biyu kakar ta aiko mini da ƙwan zabi a cikin ƙwarya, ba ta ce kome a kan allura ba.

Bayan shekara biyu aka kawo mini wani yaro daga wani ƙauye. Labarin iri ɗaya ne, zazzaɓi da safe, yawu, ƙin kwanciya. Iyayensa sun kwantar da shi a amalanke sun lulluɓe shi da bargo saboda sanyi, suna riƙe shi in ya yunƙura. Ko da suka iso ya riga ya cika. Ƙauna ce ta sa su yin abin da suka yi, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa yaron da ya ƙi kwanciya yana da dalili. Tun daga ran nan, duk ranar awon jarirai, nakan ɗauki minti biyar in yi wa mata bayanin waɗannan alamu.

Yanzu bari in komo kan beli. A wurare da yawa na ƙasar Hausa, in wuya ya yi ciwo, ko haɗiya ta gagara, wurin wanzami ake fara zuwa. Mai karatu ya yi tunanin abin da cire beli yake bukata: a danne yaro, a tanƙwasa kansa baya, a buɗe bakinsa da ƙarfi, a danne harshe, a yanka, jini ya zuba a maƙoshi yana ihu. Duk abin da na lissafa cewa ba a yi, ga shi an haɗa a wuri ɗaya. Belin kuwa ba shi da laifi, cutar tana ƙasa da shi. Ko a yaro mai lafiya ma yankan yakan jawo zubar jini, da sarƙewar haƙora, da ciwon hanta ko ƙanjamau in ƙarfen ya taɓa jinin wani. Duk da haka ban ga amfanin zagin wanzamai ba. Su ne suke kusa da mutane, su ake amince wa, waɗansunsu kuma, kamar dattijon nan, sun gaji lura mai kyau. Ma'aikacin lafiya mai hankali yakan kai musu gaisuwa, ya zauna, ya gaya musu alamun nan huɗu, ya roƙe su su aiko masa da irin wannan yaro ba tare da sun taɓa shi ba.

Cutar ba ta yara kaɗai ba ce. George Washington, shugaban Amurka na farko, ya yini a kan doki cikin sanyi da ƙanƙara ran 12 ga Disamba 1799. Kashegari wuyansa ya fara ciwo, kafin wayewar gari ran 14 ga wata magana da haɗiya da numfashi duk sun yi masa wuya. Aka haɗa masa wani abin sha, ya kusa shaƙewa garin haɗiya. Aka tsaga jijiyarsa aka zubar da jini fiye da lita 2, gama haka ake magani a zamanin. Ƙarami a cikin likitocinsa uku, Elisha Dick, ya ba da shawara a huda maƙogwaro, manyan suka ƙi. Ya rasu a daren nan yana da shekara 67. Likitoci da yawa da suka yi nazarin labarin daga baya suna ganin kumburin murfin maƙogwaro ne ya kashe shi.

A ƙasashen da rigakafi ya wadata, yau manya sun fi yara kamuwa da ita, sau da yawa kuma waɗansu ƙwayoyi ne dabam da Hib suke kawo ta. Ga babba takan yi tafiya a hankali, kwana ɗaya ko biyu. Alamar da ta fi taimako ita ce wannan: mutum yana kukan ciwon wuya mai tsanani, ba ya iya haɗiye yawunsa, murya ta toshe, amma in an duba bakinsa ba a ga abin da ya kai wannan kuka ba. In an taɓa gaban wuyansa a hankali, wajen maƙogwaro, sai ya zabura don zafi. Irin wannan mutum ba a sallame shi da ƙwayar magani a ce ya dawo gobe. Masu ciwon sukari da waɗanda garkuwar jikinsu ta raunana sun fi shiga hatsari. Ƙuna ma takan kumbura murfin ba tare da ƙwayar cuta ba, kamar yaron da ya kurɓi shayi ko kunu mai tafasa, ko ya sha ruwan sodar da mata suke haɗa sabulu da ita, ko wanda ya shaƙi hayaƙi mai zafi a gobara.

Abin farin ciki shi ne cutar tana da rigakafi. An fara yi wa jarirai allurar Hib a Amurka a 1990. Kafin rigakafi yara ƙanana wajen 20,000 ne suke kamuwa da mugun ciwon Hib kowace shekara a can, yanzu ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. A nahiyarmu, a Gambiya aka gwada allurar a kan jarirai fiye da 40,000 tsakanin 1993 da 1995, ƙasar kuma ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum a 1997. Gana ta fara a 2002, Nijar a 2008, Nijeriya a 2012. Tana cikin allurar nan da mata suka sani da suna Penta, wadda take haɗa kariya daga cututtuka 5, wato mashaƙo, sarƙewar haƙora, tarin shiƙa, ciwon hanta nau'in B da Hib. Sau uku ake yi, a mako 6 da 10 da 14 na haihuwa. In kuma an tabbatar wani ya kamu da Hib a gidan da akwai ƙaramin yaro wanda bai cika rigakafi ba, akan ba mutanen gidan rifamfisin kwana 4, a kuma gaya musu kada su tsorata in fitsarinsu ya yi ja.

Amma allurar da take cikin firjin asibiti ba ta kare yaron da ba a kai ba. Annobar mashaƙo da ta taso a Kano a ƙarshen 2022, ta bazu cikin 2023, ta kuma ɓulla a Matamaye cikin jihar Damagaram, ta nuna mana akwai yara da yawa da ba su sami Penta ba, ko sun sami ɗaya an bar sauran. Kwalba ɗaya ce take ɗauke da kariyar mashaƙo da ta Hib. Duk yaron da mashaƙo ta iske ba kariya, Hib ma za ta iske shi haka. Ƙananan ma'aikata kuma da suka fara aiki bayan zuwan allurar, yawancinsu ba su taɓa ganin kumburin murfin maƙogwaro da idonsu ba, sai a littafi.

Saboda haka ina roƙon iyaye abu biyu. Ku ɗauko katin rigakafin 'ya'yanku ku duba ko Penta ta cika uku. In ba ta cika ba, ku kai su, ko da lokacin ya wuce, ma'aikaci zai gaya muku abin da ya dace. In kuma wata rana yaro ya yi zazzaɓi farat ɗaya, yawu yana zuba, ya ƙi haɗiya, ya ƙi kwanciya, ku bar shi zaune a cinyar uwarsa, kada ku sa kome a bakinsa, ku nufi babban asibiti ko da tsakar dare ne. Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata, an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kafin ku miƙa hannu ga katakon danne harshe, ku tsaya ku dubi yadda yaron ya zauna, ku dubi gaban rigarsa, ku saurara ko yana tari. Ku san tun yau wane asibiti ne mafi kusa mai ɗakin fiɗa da mai sa barci, da motar wa za ku nema, ku kuma duba ko jakar hura iskarku tana aiki. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu.